Lombe ta Uku

Kai mai karatu, matso ta wannan gefen, ɗaya kunnen ya daina aiki. Ga kacici-kacici, ka cinta in ka isa. Yana da rai, yana cin tuwo, yana goge takalminsa kowace safiya, har tari yake yi a ji. Amma an yi makokinsa an share tsakar gida, kuma in uwarsa ta kira sunansa wani ne ke amsawa. Wane ne? Kada ka ce fatalwa, fatalwa ba ta karɓar albashi. Karanta takardun nan a hankali, yana ciki.

*

Lusaka, watan Fabrairu

Zuwa ga Kaka Lombe Kangwa, shugabar matan shanyar kifi, Kashikishi.

Uwargidana, ina gaishe ki da ladabi. Yaya gwiwa, yaya ruwan bana? Ki gaishe min da Mama, ki ce mata tarin nan ya sake ni. Ni lafiya ƙalau, sai dai tuwon masarar birni har yau bai kama ƙafar na rogo ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yanzu ni ke riƙe da teburin ƙananan ƙungiyoyi a nan Haɗakar Ƙwadago, wato irin taku da ba su da uwar ƙungiya, suke manne da Haɗaka kai tsaye. Saura ku kaɗan a ƙasar nan, kuma taku ce mafi tsufa. Shugabanni sun yanke cewa a babban taron bana za a rataya miki lambar yabo, don tun ranar da aka kafa ƙungiyar sunanki ne a kan kujera, ba a taɓa yin irinki ba. An ce in rubuta tarihinki a buga a raba wa wakilai.

Kaka, wannan ne aiki na farko da zai fita da sunana a kai. Ki faɗa min yadda kika ja yajin farko, da yadda kika samo takardar shaida. Da bakinki nake so, amma don Allah ki rage gishiri.

Mijinki da kika ƙi wa girki,
Chomba

*

Kashikishi, watan Maris

Maigidana mai takalmi,

Takardarka ta iso a aljihun direban motar kifi, tana wari kamar mu. Gwiwa tana nan, ni da ita muna zaman haƙuri. Uwarka lafiya, gadon shanyarta na kusa da nawa, ta ce tarin da ya sake ka ya yi hankali don babu abin ci a jikinka. Ruwa ya yi yawa, manaja na zagayawa da hanci a toshe kamar mu muka kira hadarin.

Ka ce in rage gishiri. Gishiri sana'armu ce, amma to.

A lokacin kamfani na biyanmu da ragowar kifin da ya dagargaje a gindin buhu. Na tara mata a ƙarƙashin mangwaron coci na ce gobe kowace ta hau gadon shanyarta ta harɗe ƙafa. Jirage suka sauke ƙananan kifin chisense tuli guda, rana ta fito, babu mai taɓawa. Kafin rana ta karkata ƙuda sun fi mu yawa. Manajan wancan zamani ya fito yana ihu, "Wace ce babbarku?" Na ce, "Wadda ta fi wari. Zo ka sansana ka zaɓa."

Ya ce ba ya magana da taron mata sai da ƙungiya. Na hau mota na tafi neman uwa. Ƙungiyar masunta ta ce ba ma shiga ruwa. Ta masana'anta ta ce ba mu da inji. Ta 'yan dako ta ce mu mata ne. Sai na tsallake su duka na je ƙofar Haɗakarku na zauna, na kwance ƙullin ɗanyen kifi a gabana. Ba su jure ba, suka ba ni takardar. Shi ya sa kowace ƙungiya tana da uwa sannan kaka, mu kaka kawai gare mu. Takardar nan ita ta hana a kore mu har yau. Duk shekara dole kamfani ya zauna da mu ya sa hannu, yana haɗiye yawu.

In za ka rubuta ka rubuta daidai. Lokacin ina da tsawo, ina da wushirya. Bayan an binne ni na farko na dawo gajera mai kaurin murya, a shekarun nan muka samo takalman roba da hutun jego. Da aka binne ni na biyu, shekarar da kawunka ya tafi da kai birni kana fitsarin kwance, sai aka zaunar da ƙanwata Sampa a tabarma, aka ɗaura mata jigidata, aka shafa mata mai a goshi, aka ce, "Tashi, Lombe." Na tashi. Ga ni.

Ka ci abinci. Ba na son miji mai kama da sandar tuƙa jirgi.

Matarka,
Lombe Kangwa

*

Lusaka, watan Mayu

Uwargidana,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama. Ina lafiya, sanyi ya fara shigowa.

Kaka, ba za ki kashe ni ba! Na karanta wa abokan ofis wurin nan na "zo ka sansana", har mai shara sai da ta ajiye tsintsiya. Maganar binnewar ma na gane ta. Akwai kamun da aka yi miki sau biyu a tsofaffin takardunmu, na san shi kike nufi. Ga yadda na sa shi: "Sau biyu aka so a binne ta, sau biyu ta tashi." Babban sakatare ya ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, ya ce yaron nan yana da alƙalami. An buga littafin, sunana na bango.

Akwai hotonki na ƙuruciya a jikin bangon ofis, wanda kike riƙe da takardar shaida. Lallai kin yi tsawo. Tsufa ɓarawo ne.

Taro farkon Yuli ne. Za a saya miki tikitin mota. Ki zo da kwalliya, kada ki zo da kifi.

Naki,
Chomba

*

Kashikishi, watan Yuli

Angona,

Na iso gida lafiya, ƙashin bayana ne bai iso ba tukuna, ina jin yana Mansa yana jiran wata motar. Uwarka lafiya. Rana ta buɗe, kifi na bushewa kamar ana roƙonsa.

Mata sun tare ni a tasha da guɗa. Sun sa na ba su labarin Silwimba har muryata ta dusashe, kuma tunda ban san ko ka tsaya ka gani har ƙarshe ba, kai ma ga shi.

Ana rataya min abin nan a wuya sai wani tsoho mai tumbi ya miƙe a layin gaba. Silwimba ne, Ba Silwimba in za a girmama shi, shugaban ƙungiyar masana'antun abinci, wadda ta ce ba mu da inji, wadda kuma tun da mambobinta suka ragu take lasar baki a kanmu. Ya ce, "Shugaba, a dakata. Wannan ba Lombe Kangwa ba ce. Na san Lombe. Da kafaɗar nan na ɗauki akwatin gawarta."

Na fizge abin magana na ce, "Ka ɗauka, Silwimba, na gode. Ka kuma yi tuntuɓe a bakin rami ka buga min kai. Ka gaya musu sau nawa ka nemi aurena na ce je ka yi wanka tukuna?"

Wayyo! Har masu raba shayi sai da suka dafa bango. Ya kumbura ya ce, "Ke 'yar mitsitsiya ce ranar yajin, kina kan mangwaro kina kallo!"

Na ce, "To ka gani. Na mutu sau biyu na dawo, kai ko sau ɗaya ka kasa."

Wani daga baya ya yi ihu, "Zauna, Silwimba, ta fi ƙarfinka!" Ya zauna. Na sauko da lambata tana lilo.

Abu ɗaya ne ya tsaya min. Na neme ka da ido, kujerarka babu kowa. Ba ka raka ni tasha ba. Uwarka ta tambaya ko ka yi ƙiba, na ce bayanka kawai na hango kana fita, bayan kuwa ya yi kyau. Na san aiki ne ya yi maka yawa.

Matarka mai lamba,
Lombe Kangwa

*

Kashikishi, watan Satumba

Chomba,

Ina fata kana lafiya, don shirun nan ya fara kama da ciwo. Mu lafiya. Uwarka kullum sai ta tare direban motar kifi, har ya fara canza hanya in ya hango ta.

Wata takarda ta zo daga ofishinku, ba da hannunka ba. Malamin coci ya karanta mana. Wai an dakatar da takardar shaidarmu har a gama bincike kan wace ce shugaba. An aika wa manaja irinta.

Washegari ya tsaya a tsakiyar gadaje, mata na jere, ya cire hula ya ce, "Ina kwana, Ba Sampa."

Tun ranar da aka zaunar da ni a tabarma babu wanda ya kira ni haka. Na waiga na ce, "Wa kake gaisarwa? Sampa yarinya ce mai satar mangwaro, ta daɗe da barin garin nan."

Ya ce, "To sai ta dawo. Zaman yarjejeniyar bana ba zan yi shi ba sai na san da wa nake magana, mai rai ko mai kabari."

Bai taɓa yi min dariya ido da ido ba sai ranar. Kuma an ga wani ɗan kwangila daga Kitwe yana auna gadajenmu da igiya.

Yaro, hau bene ka gaya wa shugabanninka. Duk lokacin zaɓe mata na taruwa a gindin mangwaro, a ce wa kuke so, su ɗaga hannu su ce Lombe. Babu wadda ba ta san akwatuna biyu na maƙabartar coci ba, su suka yi girkin makokin. Na ɓoye? Ba na rubuta maka da hannuna ba? Wa muka cuta? Kai ɗan tafki ne, ka san wanda ya gaji mutum shi ne mutumin. Kawunka ma da ya rene ka sunan kakansa yake amsawa, har matar kakan yana ciyarwa.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ba don ni ba, ni na tsufa. Matan nan ba su da wata gona sai gadajen nan.

Kakarka,
Lombe Kangwa

*

Lusaka, watan Oktoba

Zuwa ga Ba Sampa.

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni da sauƙi, na yi fama da rashin barci amma ya wuce.

Takardunki biyu sun iso. Ban amsa ba don an hana ni magana da ke sai kwamiti ya gama. Yanzu ya gama.

Ki fahimci inda kika jefa ni. An zaunar da ni gaban kwamitin, har da Ba Silwimba a ciki, littafina a kan tebur. Suka ce abu biyu ne: ko na haɗa baki da dangina an ci lambar Haɗaka da sunan gawa, ko kuwa an yaudare ni. Na ce an yaudare ni. Suka ce ina shaida. Na ɗauko takardarki ta watan Maris na karanta musu a tsaye, daga "maigidana" har ƙasa. Sun yi dariya, amma ba irin ta zauren taro ba. Ɗaya ya ce, "Ashe mutanenku na tafki har gawa suke zaɓa?" Na yi dariya tare da su. Me kike so in yi? Na ce ni tun ina ƙarami na baro can, ban san waɗannan abubuwan ba.

Ba a kore ni ba. An ma ba ni teburin haɗe ƙananan ƙungiyoyi da manya, don Haɗaka ta ce ta gaji da riƙon marayu kai tsaye.

Mafita ɗaya ce. Ga takarda nan na haɗo. Ki sa hannu cewa ke Sampa ce, Lombe Kangwa ta rasu tuntuni, kin yi amfani da sunanta, kin sauka. A dawo da lambar. Matan su shiga ƙarƙashin Ba Silwimba, ya yi alkawarin zai karɓe su. In kin yi haka da wuri aikinsu zai tsira. A nan suna na mutum ɗaya ne, in ya mutu ya tafi da abinsa.

Ki ce wa Mama kada ta zo Lusaka yanzu, ana kallona. Kuma don Allah a bar rubuta min "angona" da "maigidana". Ana buɗe wasiƙu a ofis.

Chomba

*

Kashikishi, watan Disamba

Zuwa ga ma'aikacin teburin haɗe ƙungiyoyi, ofishin Haɗaka.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa irin wadda ake yi wa baƙo. Ina fata barci ya dawo. Mu nan lafiyar jiki akwai ta, har ta yi yawa, tunda babu mai tashi da wuri yanzu.

Na yi abin da ka ce. Na tara mata a gindin mangwaro, malamin coci ya karanta takardarka da ƙarfi, na sa hannu. Sannan na shiga bayan itacen na kwance jigidar, na fito na ajiye ta a tabarma na ce mai so ta ɗauka. Babu wadda ta motsa. Tsohuwa Bana Katebe, wato uwar Katebe, ta ce, "Sau biyu muna binne ta ba ta mutu ba, yau biro ya kashe ta." Ta ja zane ta rufe kai.

Na kai wa manaja takardar da ƙafata. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Madalla, Ba Sampa. To yanzu da wa zan yi yarjejeniya? Lombe ta mutu, ga hannunki. Haɗaka ta sake ku. Silwimba bai iso ba." Ya rako ni har ƙofa.

Da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofar shanya, mutanen ɗan kwangila a kan gadajenmu, sanye da takalman robar da muka yi yaji muka samo. Mun aika wa Silwimba. Ya ce za a duba takardunmu bayan sabuwar shekara, kuma ƙungiyarsa ta masu aiki ce, mu a yanzu ba mu da shi.

Matar da ta haife ka ba ta yi kuka ba. Ta sa na maimaita mata takardarka, wurin da ka ce kada ta zo, da wurin da ka ce ba ka san waɗannan abubuwan ba. Kwanaki suka wuce. Sannan ta buɗe akwatinta ta fito da bel ɗinka na makaranta, wanda ka bari zuwanka na ƙarshe, ta kai wa dattawan dangi ta ce a gaji ɗanta.

Suka ce, "Bana Chomba, ba a gadon mai rai."

Ta ce, "Ku nuna min shi. Ni ɗan da na haifa ya san sunan kakarsa."

Suka juyo gare ni wai in ba ta haƙuri. Na ce ni wace ce? Yarinya ce mai satar mangwaro, ban isa shiga maganar manya ba. In gaskiya kake so, ni na ba da aron tabarmar.

An yi komai daidai, kada ka ji an yi maka ƙwauro. An sare kututturen ayaba aka naɗe aka binne a gefen kakanka. Mata sun yi kuka sosai, dama suna da shi a ajiye. Abokan wasanmu sun zo sun shafe mu da garin rogo, ɗayansu ya rataye igiya a wuya ya riƙa tafiyarka yana cewa, "Ni ban san waɗannan abubuwan ba, ni ɗan birni ne," har masu kukan suka shaƙe da dariya.

Sannan aka zaunar da Kunda, ɗan yayar uwarka, masuncin nan mai ido ɗaya. Bai taɓa iya rubuta sunansa ba, don haka babu abin da ya yi asara. Bel ɗin bai zagaye cikinsa ba sai da aka ƙara da igiyar koma. Ita da kanta ta ɗaura, ta shafa masa mai a goshi, ta ce, "Tashi, Chomba." Ya tashi. An ba shi ɗakin, da gonar rogon, da wurin zaman a taron dangi. Yana kawo mata kifi kowace safiya, ita kuma tana kasawa a bakin hanya. Ni yana ce min uwargida, ina ce masa angona, kuma babu mai buɗe mana wasiƙa.

Kada ka aiko da komai da sunan nan, za a ɗauka Chomba ne ya aika wa kansa a miƙa masa. In hanya ta biyo da kai garin nan za a ba ka ruwa, za a ba ka kujera a inuwa, a tambaye ka ɗan gidan wa ne. Ka tanadi amsa tun daga mota.

Sampa,
tsohuwa marar aiki

*

Mai karatu, ka cinta? Ma'aikacin nan ne na hawa na biyu a ofishin Haɗaka, teburin da ke kusa da taga. A can suna kiransa Chomba. Chomba kuwa yana Kashikishi, ya fita kamun kifi.